Curin Kanwa a Bokitin Inna

Kwana goma sha tara uwar mijina ta yi ba ta yi wanka ba, a cikin gidana, kuma a tsakiyar bazarar Gumel, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema. Da yatsuna na ƙirga kwanakin nan, saboda haka kada wani ya ce na ƙara gishiri.

Inna muke ce mata. 'Yar Maigatari ce, ta yi shekara da shekaru tana sayar da kanwa a kasuwar can ran Alhamis, tana sara daga hannun mutanen Nijar. Mace ce mai tsafta har abin ya so ya yi yawa. In ta zauna a kan tabarma ta tashi, sai ƙamshin kajiji ya wuni a wurin. In ta zo mana kwana biyu takan shafa yatsa a gindin tukunyata ta duba, ba za ta ce uffan ba, amma ni na san an yi mini jarrabawa. To ita ce wata safiya ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka yi sati biyu da ita a asibiti a Gumel, da aka sallame ta aka kawo ta gidanmu, don mu ne kusa da asibitin kuma duk mako ana kai ta gashin ƙashi. Farkon shekarun casa'in ne, ba a daɗe da yanke Jigawa daga Kano ba, mijina yana aiki a ofishin gona.

Tana asibiti 'yarta ce ke yi mata wanka. Ita kuwa aurenta a Damagaram yake, ga tsohon ciki, dole ta koma. Ranar da ta hau mota, ranar na fara ƙirga.

Mijina shi ne ɗan farin Inna, ita kuma kunyar ɗan fari take yi irin ta mutanen da. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Ni da nake matarsa kuwa kunyar ninkuwa ta yi. Shekara shida da aurena ba ta taɓa kai loma baki a gabana ba, ba ta kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In tana da abin gaya mini sai ta gaya wa bango, ko buta, ni kuma in tsinta. Da ta dawo gidanmu sai ta samu wakiliya: wata kazata mai wake-wake da ta maida ɗakin Inna wurin shan iska. Duk saƙon da za a ba ni, ta wurin kazar nan yake biyowa.

Washegarin tafiyar 'yarta na ɗora ruwa, na surka, na kai makewayi, na ɗaure zanina tamau. Na durƙusa a bakin ƙofarta na ce, "Inna, ga ruwa can. Bari in kama miki."

Ta juya fuska bango. Ta ce, "Ke kaza, ce wa yarinyar nan ban mutu ba tukuna. In na mutu sai a yi mini wankan."

Na tashi na ba ta wuri. Ba wai ban gane ba. Ni ma in aka ce in tuɓe a gaban surukata, gara ƙasa ta tsage in shige.

Ta gwada da kanta sau ɗaya, wannan kam sai na ba ta haƙƙinta. Tana iya tafiya da sanda, tana jan ƙafar, har makewayi. Ta zauna a kan 'yar tsugunno. Amma soso da sabulu aikin hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya goga, ita kuma hagu kaɗai ya rage mata. Sabulun ya suɓuce ya yi gefe, ta miƙa za ta ɗauko, kujerar ta goce. Ina madafi na ji tim! Na sheƙa a guje, kafin in kai ƙofar ta daka mini tsawa, "Kada a shigo!" Na tsaya a waje ina jin nishinta tana jan jiki a ƙasa, har ta samu ta dafa bango ta miƙe. Ta fito da ƙasa a zani, ba ta kalle ni ba. Daga ranar sai alwala da buta, sai shafa fuska.

Na yi dabara irin wadda kowa zai yi. Na goge sabulu a magogi, na narka shi a bokiti, na ce to ga ruwa da sabulunsa, hannu ɗaya ma ya isa. Ta leƙa bokitin, ta shinshina, ta ce, "Kaza, ruwan wanki aka kawo mini. Tsumma na zama ke nan." Na kwashi bokitina na wanke kayan yara da shi, ina wanki ina ƙunƙuni.

Zafi kuwa bai yi mana sassauci ba. Ƙuraje suka feso mata a wuya da baya, ina ganin ta tana goga bayan a jikin bango. Ɗakin ya fara canza wari. Na yi ta turara shi da turaren wuta, amma turare a kan gumi sai dai ya ƙara tona asiri. Masu zuwa dubiya su shiga da fara'a su fito da sauri. Inna ba yarinya ba ce, ta lura. Ta ce a saki asabari, duk wanda ya zo a ce tana barci. Matar da a da sai ka ji ƙamshinta kafin ka gan ta, ita ce ke ɓuya a bayan asabari. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

A kwana na goma sha ɗaya, ran Laraba, ƙanin mijina ya zo daga Sule Tankarkar. Shi ba a iya ce masa tana barci ba. Ya shiga, ya ɗan jima, ya fito fuska a murtuke. Suka zauna a zaure shi da yayansa, ya ɗaga murya yadda zan ji. Ya ce Juma'a ta sama zai zo da mota ya tafi da ita, akwai wata tsohuwa 'yar uwarsu a can da za ta riƙa yi mata wanka. Mijina ya ce, "To gashin fa? Likita ya ce in aka dage hannun zai iya dawowa. Daga can wa zai riƙa kawo ta duk mako?" Ya ce, "Yaya, gashi ko ba gashi, ba zan bar uwata ta ruɓe ba. Tunda nan an kasa."

An kasa! Ni? Ni da nake tashi tun asuba in dama mata kunu, in kwashe fo, in wanke zannuwa? Na riƙe muciya a hannu, wallahi saura kaɗan in fita zauren nan. Abin da ya hana ni, na san gaskiya ya faɗa a rabin maganarsa. In ya tafi da ita, hannun ya tafi ke nan, kuma har in mutu za a riƙa cewa a gidan matar babban ɗa tsohuwa ta yi tsami. Kwana tara gare ni.

Muna da maƙwabciya da katanga ɗaya ta raba mu, Kirista ce daga Filato, tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Madam muke ce mata, ita kuma ta ce mini Uwargida ko da yake ni kaɗai ce a gidan. Da yamma ta leƙo ta kan katanga, ina miyar yakuwa ina zuba mata labari, rabi magana rabi masifa. Na ɗauki ruwan kanwa na tsiyaya a tukunya don ya kashe tsamin. Miyar ta yi fuuu, ta taso da kumfa kamar yadda take yi kullum. Abin da nake gani tun ina yarinya, amma ranar sai na tsaya ina kallo.

Na ce, "Madam, ke da kika yi boko, me ke sa wannan?"

Ta ce, "Tsami da kanwa ne. In suka haɗu a cikin ruwa dole su yi faɗa."

"In babu ruwa fa?"

"Sai su zauna lafiya, kamar ba su san juna ba."

Na ajiye ludayi. Na ce, "To in na cura su wuri ɗaya a bushe, da sabulu da ƙamshi a ciki, mutum ya jefa a bokiti da hannunsa fa?"

Ta ce, "Uwargida, da kin yi makaranta da kin ƙwace mini aiki."

Ba wai na tsara komai ba ne. Abin da na sani kawai, Inna ba za ta karɓi ruwan da wani ya haɗa mata ba, amma kanwa sana'arta ce, kuma jefa abu a bokiti bai fi ƙarfin hannun hagu ba.

Gwajin farko abin kunya ne. Kunnena ya ji maganar Madam, hannuna bai ji ba. Na daka kanwa a turmi, na jiƙa tsamiya, na ce bari in ɗan yayyafa don ya kama. Ai kuwa turmin nan ya tumbatsa, kumfa ja-ja ta malalo har ƙafata, kaji suka watse. Madam ta leƙo, ta yi dariya har tana riƙe katanga. Ta ce, "Na ce miki a bushe! Je ki wurin masu zoɓo ki sayo ɗan tsami, farin nan mai kama da sukari." Na sayo. Na biyu na haɗa gari da gari lafiya lau, amma ya ƙi curuwa, sai na jiƙa tafin hannuna kaɗan, kaɗan fa. Na jera su a faifai gwanin sha'awa. Kafin la'asar duk sun kumbura sun fashe. Sai a na uku na tuna da man kaɗe. Mai ba ruwa ba ne. Na narka shi, na bari ya huce, na riƙa ɗigawa ina murzawa da garin sabulu da sitaci da dakakken kajiji, har ya kama. Na jefa ɗaya a kwano, ya yi shuuu yana juyawa, ƙamshi ya tashi. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida.

Guɗar ba ta je ko'ina ba. Na wanke hannuna da ruwan har gwiwar hannu, kafin wani lokaci fatar ta yi ja tana raɗaɗi. Kanwar da na samu a unguwa ja ce, mai kaifi. In na sa wa tsohuwa mai ƙuraje wannan, ai na gama da ita. Kwana biyar sun tafi a banza.

Washegari na sake zama gindin turmi, ina daka ragowar jar kanwar nan don ban san abin yi ba, ina tunanin ko in rage yawanta. Ɗakin Inna yana kallon rumfar da nake aiki. Can sai na ji murya daga bayan asabari.

"Ke kaza, wa ke ta dakan jar kanwa a gidan nan kwana da kwanaki? Doki aka saya?"

Na tsaya da taɓarya a sama. Ashe duk abin nan tana ji. Daga ƙarar turmi da ƙurar da ke shiga hancinta ta gane irin kanwar. Na ci gaba da daka, har da ƙara ƙarfi. Na san ta. Inna za ta iya jure ƙaiƙayi, za ta iya jure yunwa, amma ba za ta iya jure a wulaƙanta kanwa a gabanta ba.

Ba a jima ba ta ce, "Mutanen yanzu ba su san komai ba. In abin jikin mutum ne ko na baki, ai ungurnu ake nema, fara, wadda in ka ɗora a harshe ba ta cizo. Kuma ba a tankaɗe ta da rariya, da ɗankwali ake yi." Sannan a hankali, kamar ana ciro mata haƙori, "Akwai ta kirki a ƙasan adudu, in ana so."

Na shiga na durƙusa na buɗe adudun da aka kawo mata daga Maigatari. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, ga ƙulli a tsumma. Fara sol, mai sauƙin murmushewa, irin wadda 'yan kasuwa ke ɓoye wa kansu. Na ce, "Na gode, Inna." Ta ce wa kaza a rufe mata adudu da kyau.

Da wannan na yi na huɗu. Na daka, na tankaɗe da ɗankwali kamar yadda aka umarta, na cura guda takwas, kowanne ya cika tafin hannu. Na mirgina su a sitaci don kada su manne. Na gwada ɗaya a jikina, wanka sosai na yi da shi, na fito fata lumui, ba raɗaɗi ba ƙaiƙayi. Sauran bakwai na zuba a ƙwarya, na rufe da faifai, na ajiye a inuwar rumfa su ƙara bushewa. Kuskurena ɗaya, kusa da ƙwaryar nono na ajiye su. Kuma duk wanda ya ga farin curi a ƙwarya an rufe da faifai, a ƙasar nan, ya san abin da zai ɗauka.

Ran Laraba ce, saura kwana biyu. Ina ɗaki ina sallar azahar Malam, wato mijina, ya dawo daga ofis, rana ta dafa shi, ga mura ta toshe masa hanci. Ya zauna a rumfa, ya ɗaga faifai, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ina raka'a ta uku ina jin sa, ba halin magana. Ya ɗauki guda biyu ya jefa a nono, ya ɗauki ludayi zai dama.

Nono da ma ga tsami. Ƙwaryar nan ta yi wata irin ƙara, ta taso, ta yi ambaliya a kan kaftaninsa. Na ji ya ce, "Innalillahi! A'uzu billahi!" Ludayi ya yi sama, hula ta yi gefe. Ko da na sallame na fito, na tarar da ma'aikacin gwamnati guda a maƙale jikin katanga, ƙafa ba takalmi, yana karanto duk addu'ar da ya sani yana tofa wa ƙwarya.

"Ke! Wa ya kawo furar nan? Kada ki taɓa! Wani abu aka sa mana!"

Kafin in buɗe baki sai muka ji wani sauti daga ɗakin Inna. Na ɗauka shaƙewa ta yi, na zabura. Ashe dariya ce. Asabarin a ɗage yake kaɗan, ta ga komai. Ta ja mayafi ta rufe fuska don kada a ce tana yi wa ɗan fari dariya, amma kafaɗarta sai rawa take, da rabin baki take ƙyaƙyatawa har da tari. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ta faɗi. Malam ya tsinci hularsa ya shige ɗaki yana cewa gidan nan an maida shi abin wasa.

Da ta lafa ta ce, "Kaza, wane irin abu ne wannan da ya kori namiji har ya bar hularsa?"

Shekara shida ina amsa mata kai tsaye, ina sunkuyar da kai. Ranar ban san abin da ya shige ni ba. Na dubi kazar nan da ke tsattsage a bakin ƙofa na ce, "Kaza, ce wa Inna kanwarta ce. Ita ta yi wannan aikin."

Na ɗauki guda ɗaya na ɗora a faifai, na tura bakin ƙofarta, na koma madafi. Ban ambaci wanka ba ko da wasa. Ta gefen ido na ga hannun hagu ya fito ya ɗauka. Ta juya shi, ta shinshina, ta ɗan lasa. Ta ce, "Kajijin ya yi yawa." Can kuma na ji shuuu a cikin kwanon shanta, da wata 'yar ƙaramar "A'a!"

Ran Alhamis da hantsi ta ce wa kaza ko akwai saura. Na ba ta. Ta sake jefawa a kwano tana kallo, har da tsoma hannu tana wasa da kumfar, ta shafa a wuya. Da la'asar ta sake tambaya. A nan ne raina ya ɓaci. Gobe mota za ta zo, ita kuma ta maida abin wasan yara. Na tsaya a tsakar gida, na riƙe ƙugu, na ce, "Kaza, ce wa Inna saura uku, kuma ba na kwano ba ne. Na bokiti ne. Bokiti kuwa yana makewayi. In ba a so, gobe a sa su a mota a tafi da su Sule Tankarkar."

Ina rufe baki na yi nadama. Ban taɓa yi mata magana haka ba. Asabari ya sauka. Tuwon da na kai mata da magariba ko taɓawa ba ta yi ba. Na zauna a madafi na yi kuka, na ce shi ke nan, bakina ya ja mini, ga rashin nasara ga rashin kunya.

Duk da haka ran Juma'a da safe na yi abin da na yi niyya. Na sa Malam ya kafa turke mai ƙarfi a makewayi kusa da inda take zama, don ta samu abin dafawa. Na canza 'yar tsugunnon da wani guntun turmi da na kifa, wanda ko ture shi aka yi ba zai goce ba. Na kai bokiti biyu, ɗaya na wanka ɗaya na ɗauraya, duk a ɓangaren hagu. Na ajiye soso mai laushi, da curi ɗaya a kan faifai. Na rataye wankakken zani a kan katanga. Ban gaya wa kowa komai ba, har kazar. Na ɗauki turmi na koma can ƙarshen gida, na juya baya, na zuba gero na shiga surfe, don ta ji da kunnenta inda nake.

Na yi surfe har geron ya gaji. Ba motsi. Rana ta ɗaga. Na ce a raina to, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Sai na ji ƙwas. Sanda ce. Ƙwas, sai jan ƙafa. Ƙwas, sai jan ƙafa. Wallahi ban waiwaya ba. Na ci gaba da daka ba tare da na san abin da nake dakawa ba. Ƙofar langa-langa ta yi ƙara. Shiru mai tsawo. Sannan, daga can, shuuu.

Sai ƙarar ruwa a ƙasa. Kwano ɗaya, biyu, uku. Ƙamshin kajiji ya biyo iska har inda nake. Madam na shirin fita makaranta, ta leƙo ta katanga, na ɗora yatsa a baki na nuna mata makewayi. Ta ɗaga hannu biyu sama tana rawa ba sauti, jaka a kafaɗa. Ni ma na saki taɓarya na taka, mu biyu kamar mahaukata, ba mai cewa ƙala.

Ruwan ya tsaya. Na kasa kunne ko zan ji tim. Ban ji ba. Abin da na ji shi ne gyaran murya.

"Ke."

Na duba. Ba kowa a kusa da makewayin, ko kazar ba ta nan.

"Ke 'yar nan. Da ke nake."

Na matsa bakin ƙofa, na ce, "Na'am, Inna."

Ta sassauta murya ta ce, "Hannun bai kai baya ba."

Na tura ƙofar a hankali, idona a ƙasa. Tana zaune ta fuskanci bango, ta riƙe turken, ta yafa zani a gaba. Bayan nan duk ƙuraje, ga shatin bango inda take gogawa, ga ƙasusuwa sun fito. Tausayi ya kama ni. Na durƙusa, na tsoma soso a bokiti, na fara shafawa a hankali kamar mai wanke jariri.

Ta ce, "Ba ki karya ba ne? Cuɗa da ƙarfi mana."

Na cuɗa. Ina cuɗawa hawaye na zuba, ina sharewa da kafaɗa don kada ta ji. Ta ce ƙasa kaɗan, na yi ƙasa. Ta ce dama, na yi dama. Ta ce nan gaba in rage sabulun, kumfarsa ta fi ƙarfin aikinsa, na ce to.

Muna cikin haka muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, da sallama a zaure. Jim kaɗan Malam ya shigo tsakar gida, ya tsaya daga nesa, ya yi gyaran murya.

"Inna, ga shi ya iso da motar."

Soso ya tsaya a hannuna. Inna ba ta ko motsa ba. Ta ɗaga murya, tar, irin wadda take kiran ciniki da ita a kasuwa.

"A ba shi ruwa ya sha, ya juya da motarsa. Ni da 'yata muna aiki."

Sannan ta ce da ni, "Wa ya ce ki tsaya?"

Na sake tsoma soso. Mai mota ya daɗe a zauren nan yana jira a fito a gaisa, ni kuwa wallahi ban yi sauri ba.